Fyaɗe ko Luwaɗi: Tarihin Sunan Laifin da Ake Yi wa Maza, Waiwaye daga Bwari

1.0 Gabatarwa

A ranar 25 ga watan Mayu, 2015, saura kwana huɗu ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Sashenta na farko ya sake wa kalmar fyaɗe ma'ana. Kafin wannan rana, baligin namijin da aka fi ƙarfinsa aka keta masa haddi a Bwari, ko Kuje, ko Gwagwalada, ba shi da damar tsayawa gaban alƙali ya ce an yi masa fyaɗe, domin a idon dokar da ke aiki a can, mace kaɗai ake yi wa fyaɗe. Abin da ya same shi yana ƙarƙashin wani sashe dabam, wanda bai bambance mai yi da wanda aka yi wa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka yi hakan ta kasance, tun daga littattafan fiƙihun da alƙalan ƙasar Hausa suka yi aiki da su, zuwa kundayen dokokin Turawa, har zuwa gyare-gyaren da aka yi bayan komawa mulkin farar hula a 1999. Maƙalar za ta nuna cewa doka da harshe sun yi tafiya kafaɗa da kafaɗa wajen hana namijin da aka cutar suna, kuma a yau doka ta yi gaba ta bar harshe a baya. An ɗauki Bwari a matsayin madubi saboda dalilai biyu: garin ɗalibai ne, sa'an nan yana cikin yankin da aka kafa dokar 2015 dominsa.

2.0 Bwari, Garin Ɗalibai

Bwari tsohon mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma a da yana ƙarƙashin masarautar Abuja, watau Suleja ta yau. Da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, sai garin ya faɗa cikin sabon yankin. An mayar da hedkwatar gwamnati daga Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, aka kuma ba Bwari ƙaramar hukumarta a 1996, ta zama ɗaya daga cikin guda shida na yankin.

Tun daga wannan lokaci garin ya cika da masu neman ilmi. Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1962, ta dawo da hedkwatarta Bwari a 1997. A nan ne kuma hedkwatar hukumar JAMB take, hukumar da tun 1978 take shirya jarrabawar shiga jami'o'i. Akwai Jami'ar Veritas ta limaman Katolika, ga kuma sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Kubwa, wadda ita ma cikin ƙaramar hukumar take. Ba a kawo sunayen waɗannan cibiyoyi don a jingina musu wani laifi ba. Abin lura shi ne, daga 1997 zuwa 2015, shekara goma sha takwas ke nan, an yi ta yaye lauyoyi a Bwari bisa ma'anar fyaɗen da ba ta san da namiji ba, alhali kuwa samari da yawa suna kwana a ɗakunan makarantun garin, nesa da iyayensu, ƙarƙashin wannan ma'ana.

3.0 Kalmomin Biyu a Ma'aunin Nahawu

Kalmar fyaɗe Bahaushiya ce. Bisa dukkan alamu saiwarta ɗaya da aikatau fyaɗa (giredi na 1) da fyaɗe (giredi na 4), kamar a ce "ya fyaɗa shi da ƙasa" ko "ya fyaɗa masa bulala". Ma'anar da ke cikin saiwar ita ce ƙarfi da kayarwa, babu ruwanta da jinsi. Ita kuwa luwaɗi ararriya ce daga Larabci, an samo ta daga sunan Annabi Luɗu (AS), ana nufin aikin mutanensa. Tana nuni ga irin aikin da aka yi, ba ta cewa kome game da yarda ko tilas.

Bambancin ya fi fitowa fili idan aka dubi yadda kowace kalma ke zama a cikin jumla:

(1) An yi wa yarinyar fyaɗe.
(2) An yi luwaɗi da yaron.
(3) An yi lalata da shi.

A jumla ta (1), wadda aka cutar ta zo a matsayin karɓau kaikaitau, da harafin wa a gabanta. Wannan shi ne gurbin da Hausa ke ajiye wanda wani abu ya faɗa wa:

(4) An yi wa Audu fashi.
(5) An yi wa Audu duka.

A jumla ta (2) da ta (3) kuwa, harafin da ne ya gabaci wanda aka cutar. Wannan harafi yana da manyan ayyuka biyu a irin wannan muhalli. Na farko shi ne nuna abokin tarayya, na biyu nuna kayan aiki:

(6) An yi ciniki da Audu.
(7) An yi shawara da Audu.
(8) An yi noma da garma.

Duk wanda aka ɗauka daga cikin biyun, yaron jumla ta (2) bai fito a matsayin wanda aka zalunta ba: ko dai abokin aiki ne, ko kuwa kayan aiki. Har ila yau, idan aka ce "mai fyaɗe", kowa ya san mai laifin ake nufi, amma "ɗan luwaɗi" laƙabi ne da yake iya liƙe wa kowane ɗaya daga cikin mutum biyun. A bakin jama'a ma akan cakuɗa shi da "ɗan daudu", ko da yake nazarin da Rudolf Gaudio ya yi a Kano, wanda aka buga a 2009, ya nuna daudanci wata rayuwa ce mai faɗi, wadda ta shafi sana'a da salon magana da zamantakewa. Ke nan saurayin da ya buɗe baki ya faɗi abin da aka yi masa da kalmomin da ya tarar a gari, ya saka wa kansa sunan da zai bi shi har gidan surukai.

4.0 Matsayin Fiƙihu Kafin Zuwan Turawa

Ba daga fiƙihu wannan cakuɗa ta taso ba. Alƙalan daular Sakkwato da na Barno sun yi hukunci da mazhabar Malikiyya, kuma littattafan da suka fi dogara da su sun haɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, da Mukhtasar na Shaihu Halilu. A babin haddi, da Risala ta zo maganar aikin mutanen Luɗu, ta gindaya sharaɗin cewa wanda aka yi da shi baligi ne kuma ya amince, kafin haddi ya hau kansu su biyu. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar da malaman mazhabar suka tafi a kai, cewa wanda aka tilasta ba shi da laifi. Bugu da ƙari, ƙissar da kalmar ta samo asali daga gare ta, kamar yadda ta zo a Suratu Hud da Suratul Hijri, labari ne na mutanen gari da suka yi wa gida tsinke suna neman baƙi maza da ƙarfin tsiya.

Saboda haka malamin zaure ya san bambancin mai yi da wanda aka tilasta. Sai dai wannan sani ya tsaya a tsakanin malamai da Larabcinsu. Da kalmar ta shigo Hausa, sunan aikin ta shigo da shi, ta baro sharaɗin a cikin littafi. Daɗin daɗawa, hujjar da ake bukata don tabbatar da irin wannan laifi mai tsauri ce ƙwarai, shaidu huɗu ko iƙirari, kuma wanda ya yi zargi ya kasa kawo hujja yana iya fuskantar haddin ƙazafi. An yi wannan tsauri ne don kare mutuncin mutane, amma ga wanda aka cutar a ɓoye, ya zama wani dalilin yin shiru.

5.0 Kundayen Turawa da Final Kod

A 1904 Gwamna Lugga ya kafa wa Jihar Arewa kundin dokar laifuffuka, wanda aka kwaikwayo daga na Kwinslan ta ƙasar Ostareliya, na 1899. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya a 1916, ko da yake kotunan alƙalai a Arewa sun ci gaba da hukunta Musulmi da fiƙihu. Sashe na 357 na wannan kundi ya taƙaita fyaɗe a kan mace ko yarinya. Sashe na 214 ya tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya sadu da wani ta hanyar da ta saɓa wa ɗabi'a, da kuma wanda ya bari aka yi da shi. Akwai sashe na 352 da na 353 da suka yi maganar kai wa namiji hari da irin wannan nufi, amma ba a kira ko ɗaya daga cikinsu fyaɗe ba, kuma hukuncin na 353 shekara uku ne kacal.

Da 'yancin kai ya ƙarato, gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Cikin wakilan kwamitin akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Shawararsu ce ta haifar da Final Kod, wanda majalisar Kaduna ta zartar a 1959, ya fara aiki a jajibirin samun 'yancin kai a 1960. An gina shi ne a kan na Sudan, shi kuma na Sudan a kan na Indiya na 1860.

Sassa uku na Final Kod ne suka shafi wannan magana. Sashe na 282 ya ce fyaɗe shi ne namiji ya sadu da mace ba da yardarta ba, ko da yardar da aka samu ta hanyar tsoratarwa, ko kuwa idan yarinyar ba ta kai shekara 14 ba. Sashe na 284 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, da namiji ko mace ko dabba, bai kuwa ambaci yarda ko rashinta ba. Sashe na 285 shi kaɗai ne ya san da tilas ba tare da ya duba jinsi ba: ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara bakwai ba ga wanda ya yi wa wani aikin alfasha da ƙarfi ko da barazana, ya kuma ce yardar wanda bai kai shekara 16 ba ga malaminsa ko mai riƙonsa ba yarda ba ce.

Illar wannan tsari a bayyane take. Namijin da aka yi wa ta'asa, in ya je caji ofis, a sashe na 284 za a rubuta ƙararsa, sashen da ya haɗa shi layi ɗaya da dabba, wanda kuma babu inda ya ce shi ba mai laifi ba ne. In wanda ake ƙara ya ce ai da yardarsa aka yi, sai mai ƙara ya wayi gari yana kare kansa. Wannan kundi ne Yankin Babban Birnin Tarayya ya gada daga jihohin da aka yanko shi, watau Neja da Filato da Kwara, kuma da shi aka yi ta aiki a Bwari.

Ba Nijeriya kaɗai ta daɗe a kan wannan ma'ana ba. Ingila, uwar waɗannan kundaye, sai a 1994 ta yarda a dokance cewa ana yi wa namiji fyaɗe. Afirka ta Kudu ta gyara tata a 2007. Hukumar binciken laifuffuka ta Amurka, FBI, ta ci gaba da ƙidayar mata kaɗai a alƙalumanta na fyaɗe har zuwa 2012, lokacin da aka sanar da sabuwar ma'ana. Indiya kuwa, inda Final Kod ya samo tushe, ko a sabon kundinta da ya fara aiki a Yuli 2024, fyaɗe laifi ne da namiji ke yi wa mace.

6.0 Daga 1999 zuwa 2014

Komawa mulkin farar hula ta zo da sauye-sauye uku. Na farko shi ne kundayen shari'ar Musulunci. Jihar Zamfara, ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani, ta fara aiki da nata a ranar 27 ga Janairu, 2000, daga baya jihohin da suka bi wannan hanya suka kai goma sha biyu. Kundin Zamfara ya bar fyaɗe a kan mata kamar yadda Final Kod ya yi, amma a sashen luwaɗi ya dawo da tsohon sharaɗin fiƙihu, ya bayyana cewa wanda aka tilasta da ƙarfi ko barazana ba a ɗaukarsa mai laifi. Wannan ya wanke wanda aka cutar, sai dai bai ba abin da aka yi masa suna na kansa ba. Yankin Abuja kuwa ba ya cikin waɗannan jihohi.

Na biyu shi ne Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta fara aiki a Abuja. Sashenta na 31 ya kira saduwa da duk wanda bai kai shekara 18 ba fyaɗe, mace ko namiji, ya kuma yanka ɗaurin rai da rai. A nan ne matsayin ɗalibi ya zama abin dubawa. Yaron da ya shiga jami'a yana ɗan shekara 16 ko 17 yana cikin inuwar wannan doka a ajinsa na farko. Ranar da ya cika 18, yana nan a ɗaki ɗaya, tare da mutane ɗaya, ƙarƙashin malamai ɗaya, sai inuwar ta janye, ya koma hannun sashe na 284.

Na uku shi ne Dokar Haramta Auren Jinsi, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2014. Dokar ba ta yi maganar fyaɗe ba, amma ƙurar da ta biyo bayanta ta ƙara wa kalmar luwaɗi nauyi. A cikin watan nan aka yi jifa a harabar wata kotun shari'a a Bauchi inda ake tuhumar wasu maza, a watan Fabrairu kuma wasu gungun mutane suka fito da wasu maza daga gidajensu a unguwar Gishiri cikin Abuja, suka lakaɗa musu duka bisa wannan zargi. Saurayin da ya ga haka, in an cuce shi, da wuya ya kai kansa inda za a haɗa sunansa da wannan kalma.

A wannan shekara ta 2014 ne Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka gudanar da binciken cin zarafin yara a faɗin ƙasa. Sakamakon ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu, da namiji ɗaya cikin goma, sun gamu da cin zarafi ta fuskar jima'i kafin su cika shekara 18.

7.0 Dokar 2015

Wani abin mamaki a tarihin dokar VAPP shi ne, ƙungiyoyin mata ne suka yi ta fafutukarta tun farkon shekarun 2000, kuma da sunan hana cin zarafin mata aka fara kai ƙudurin majalisa. Da ya daɗe yana jan ƙafa, aka sauya sunan ya zama na jama'a baki ɗaya. Ta wannan ƙofa maza suka shiga.

Sashe na 1 ya ce mutum, mace ko namiji, ya yi fyaɗe idan da gangan ya shigar da wani sashe na jikinsa ko wani abu cikin farji, ko dubura, ko bakin wani, ba da yardarsa ba. Yardar da aka samu ta hanyar ƙarfi, ko barazana, ko yaudara, ko ta hanyar ba mutum abin da zai gusar masa da hankali, ba yarda ba ce. Hukuncin shi ne ɗaurin rai da rai. In an sassauta, ba zai gaza shekara 12 ba, babu zaɓin tara. In taron dangi aka yi, ba zai gaza shekara 20 ba, in kuwa mai laifin bai kai shekara 14 ba, ba za a wuce shekara 14 ba. Dokar ta umarci kotu ta yanka diyya, ta kuma tanadi rajistar masu irin wannan laifi, wadda aka ƙaddamar a Nuwamba 2019. An ɗora wa hukumar NAPTIP alhakin aiwatarwa, aka ba Babbar Kotun Abuja ikon sauraron ƙararraki.

Dokar tana da iyakoki. Majalisar Tarayya ba ta da ikon kafa wa jihohi irin wannan doka, saboda haka a Abuja kaɗai ta fara aiki. Ɗalibin lauya da aka tura Bwari yana ƙarƙashinta, abokin karatunsa da aka tura reshen makarantar na Bagauda a Jihar Kano kuwa ba haka ba. Jihar Kaduna ta kafa irinta a 2018, akasarin sauran jihohi kuma suka biyo baya bayan Yuni 2020, lokacin da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe sakamakon kisan wata ɗalibar Jami'ar Benin. Sa'an nan ma'anar ta rataya ne a kan wanda aka shiga jikinsa, ba ta fito fili ta ambaci namijin da aka tilasta masa ya sadu da wani ko wata ba.

8.0 Rigasa da Daura

Shekara huɗu bayan dokar, aka sami abin da ya gwada harshen jama'a. A ranar 26 ga Satumba, 2019, 'yan sanda suka kai samame wani gidan mari a Rigasa, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, suka fito da maza fiye da 300, daga ƙananan yara zuwa magidanta, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyaye ne suka kai akasarinsu da sunan karatu da gyaran tarbiyya, wasu ma daga ƙasashe maƙwabta aka kawo su. Rundunar 'yan sandan jihar ta bayyana cewa wasu daga cikinsu sun ba da labarin an ci zarafinsu ta fuskar jima'i. A tsakiyar Oktoba aka sake fito da mutum 67 daga wani irin wannan gida a Daura, inda aka ji irin wannan ƙorafi, daga nan samamen ya bazu zuwa Katsina da Zariya da Ilori da Ibadan.

Waɗannan mutane a ɗaure suke, babu mai cewa da yardarsu aka yi. Duk da haka jumlar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce ta (2) da ta (3): ana luwaɗi da su, ana lalata da su. Dokar Kaduna ta riga ta kira abin fyaɗe shekara guda kafin nan, amma harshe bai bi ta ba. A Satumba 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran Final Kod na jihar, wanda ya tanadi dandaƙa ga masu fyaɗe, ya kuma tanadi hukunci ga mace in ita ce mai laifin. Hukunci ya ƙara tsanani, amma tsananin hukunci ba ya aiki sai an sami mai kai ƙara.

9.0 Ɗalibi Namiji

A manyan makarantu, maganar cin zarafi ta fito fili ne ta fuskar ɗalibai mata. A Disamba 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu saboda neman ɗalibarsa a bakin maki, a Oktoba 2019 kuma sashen bincike na BBC ya fitar da rahotonsa a kan jami'o'in Legas da Gana. Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurin hana cin zarafin ɗalibai a 2016, ta sake zartar da shi a Yuli 2020, amma wa'adin majalisun biyu ya ƙare bai zama doka ba. A duk wannan muhawara, ɗalibi namiji ya fi fitowa a matsayin wanda ake zargi ko ɗan kallo.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna yadda shirun maza kan daɗe. A Mayu 2019 wani bincike da Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka ta sa aka yi ya gano cewa likitanta, Richard Strauss, ya ci zarafin ɗalibai maza aƙalla 177, yawancinsu 'yan wasanni, kuma wasu ma'aikatan jami'ar sun ji ƙishin-ƙishin tun 1979 ba a ɗauki matakin kirki ba sai 1996. A Janairu 2020 kuma wata kotu a Mancesta ta Ingila ta kammala shari'ar Reynhard Sinaga, ɗalibi ɗan Indunusiya, wanda aka samu da laifuffuka 159 a kan maza 48. Yakan ja su ɗakinsa ya ba su abin sha mai gusar da hankali, har da yawansu ba su san abin da ya same su ba sai da 'yan sanda suka neme su. A duka wuraren biyu, masu ƙarfi ne aka cutar, da dabara da matsayi, ba da ƙwanji ba.

Wannan ya ci karo da abin da tarbiyyar Bahaushe ta ɗora wa ɗa namiji. Tun yana ƙarami ake ce masa ya yi ta maza, ya cije, namiji ba ya kuka. In ya ce an fi ƙarfinsa, tambayar farko ita ce ina ƙarfin nasa yake, ta biyu kuma me ya kai shi, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyaye su ma sukan zaɓi rufin asiri, su cire ɗansu daga makaranta ba tare da sun faɗi dalili ba, mai laifin kuwa ya zauna a inda yake, sababbin ɗalibai suna zuwa.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin wannan laifi daga Risala, wadda ta bambance mai yarda da wanda aka tilasta, zuwa kundayen 1916 da 1960 da suka keɓe fyaɗe ga mata, zuwa dokar 2003 da ta shigo da yara maza, da ta 2015 da ta shigo da baligai. An ga cewa lauyan da aka yaye a Bwari bayan 2015 ya fito da ma'anar da ta fi ta magabatansa faɗi. Amma ɗalibin da aka cutar ba da Ingilishin kundin doka zai fara magana ba. Da harshensa zai gaya wa abokinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan sandan da ke kan kanta, kuma jumlar da ya samu a bakinsa ita za ta yanke ko zai ci gaba da maganar.

A nan ne aikin ya dawo hannun masana harshe. Ba a bukatar ƙirƙiro sabuwar kalma, domin "an yi masa fyaɗe" jumla ce ingantacciya a nahawun Hausa, saiwar kalmar kuma ba ta taɓa sanin jinsi ba. Abin da ya rage shi ne masu tsara ƙamus su duba ma'anar da za su ba fyaɗe a bugu na gaba, tafintocin kotu da masu fassara labarai a gidajen rediyo su daina sa harafin da inda wa ya dace, masu fassara dokar VAPP zuwa harsunan gida kuma su tabbatar wakilin sunan namiji ya fito a sashe na farko. Zai kuma yi amfani manazarta Gbagyi da Fulfulde da Kanuri da Yarbanci da Ibo su auna kalmomin harsunansu da wannan ma'auni, a ga ko su ma suna ajiye wanda aka zalunta a gurbin abokin tarayya.